Gwajin Hancin Dineke

Lunteren, farkon Maris

Melis,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kunnen nan naka da ya raba ka da waya. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Gwiwar Lubbert ta taso da sanyin nan, amma ka san mijina, cewa yake matakalar ce ta ƙara tsawo. Na ɗauki biro ne don wayarmu a kicin take, kicin ɗin nan kuwa ba ya riƙe magana.

Zancen Dineke ne. Tun da ta gama sakandare bara take ba maruƙa madara tare da babanta, safe da yamma, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ashe tun ranar da ta raka kakarta asibiti aka ɗauki hoton ƙasusuwanta ta ƙulla abu a ranta. So take ta koyi aikin, irin hoton nan da ake yi wa mutum allurar maganin nukiliya sannan na'ura ta ga cikinsa. Makarantar kuma a garinku take. Lubbert ya ce mata, "Gwaji ɗaya. In sun ɗauke ki bana, ki tafi. In ba su ɗauke ki ba, an rufe zancen, gona na jiranki." Ta ba shi hannu a kai. Ka san a gidan nan abin da aka yi musafaha a kansa ba ya warwaruwa.

Makin lissafi da na fiziks da suke nema tana da su har da rara. Takardar likita ma an yi, da allurar rigakafin ciwon hanta. Saura abu guda: sai ta wuni a sashen hoton nan na wani asibiti tana kallon yadda ake aikin, shugaban sashen ya sa hannu, takardar ta isa makaranta kafin ɗaya ga Mayu.

Ta buga wa asibitin waya. Matar da ta ɗauka sai fara'a, har ta fara duba mata rana, sai ta ce, "Af, a gidanku ana kiwon aladu ko maruƙa?" Dineke ta ce maruƙa, ɗari shida. Nan take murya ta sauya. Wai ba za ta taka ƙofar sashen ba sai an gwada hancinta.

Hanci, Melis! Ni da nake durƙusawa duk Asabar ina goge dokin ƙofa da burushi. Kai ne mai karatun gidanmu, ka faɗa min, zagi ne ko doka ce? In zagi ne in san abin da zan ce musu.

Yayarka,
Rika

Groningen, Talata

Rika,

Lafiyata ƙalau. Kunnen ma yana nan yana min hidima, rabin abin da mutane ke faɗa ba ya wahalar da ni da shi. Ki gaida gwiwar Lubbert. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko don labari, na biyu don halin sana'a, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Farfesoshin da nake gyara wa littattafai ba su taɓa ba ni irin wannan hutun ba.

Ba zagi ba ne, doka ce. Doka kuwa ta fi zagi wuyar sha'ani, don ba ta da fuskar da za ki mayar wa magana. Na hau kekena na je asibitin nan namu, aka yi ta cilla ni daga wannan ofis zuwa wancan, har na dace da wata Madam Hoving, wadda aikinta shi ne tsare ƙofa kada ƙwayoyin cuta su shigo. Mace ce mai kirki irin na ƙofar ƙarfe, ba ta jin haushin kowa, ba ta buɗe wa kowa.

Ga yadda ta bayyana min. Akwai wata ƙwayar cuta da ta saba da magunguna har ta daina jin su. Tana zama a hancin maruƙa da aladu, daga nan ta koma hancin masu kiwonsu. Mai lafiya ba ta yi masa komai, sai ya tsufa da ita bai san suna tare ba. Amma a sashen da Dineke ke son shiga, masu ciwon daji ne da masu ciwon zuciya ke kwance ana huda musu jijiya, su kuwa in ta shige su sai addu'a. Na ce mata yayata tana goge dokin ƙofa da burushi. Ta ce ta yarda, amma ba a dokin ƙofa abin yake zama ba.

Abin da suke so shi ne yarinya ta fara nisantar dabbobin, don gwaji tana gona aikin banza ne. Sai a goga mata tsinken auduga a hanci da maƙogwaro. In babu, ta shiga. In akwai, a yi magani, sannan gwaji uku a jere, mako-mako, kowanne ya fito fes. Ki lissafa da kanki, za ki ga Mayu ba ta da nisa.

Ki turo min ita. Akwai ɗaki, in na kwashe tarihin Rumawa daga kan gadon. A nan ba abin da zai shafa mata sai ƙurar littafi. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba a mutuwa don an bar maruƙa. Ni ne shaida, shekara talatin ke nan, har tumbi na ajiye.

Ƙaninki,
Melis

Lunteren, Litinin

Melis,

Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, don mai rubuta irin wasiƙar nan lafiya ce ta yi masa yawa.

Mai kawo wasiƙu ya haɗu da Lubbert a bakin hanya ya miƙa masa. Bayan abincin rana ya karanta mana babin ranar a Littafi Mai Tsarki kamar kullum, ya rufe, sai ya zaro taka ya karanta da muryar da ya karanta wancan. Da ya zo kan "ba abin da zai shafa mata" ya maimaita, ya ɗago ya dube ni. "Kin ji ko? Mu ne abin da ke shafar mutane. Ɗan'uwanki ya bar gona, ya bar coci, yanzu ya dawo ɗaukar 'yata, kuma dariya yake." Na ce wasa kake yi. Ya ce, "Shekara talatin yana wasa, yaushe zai fara magana?" Ni ma, Melis, na sha yi wa kaina wannan tambayar.

Dineke ce ta ce, "Baba, gwaji ɗaya ka ce. In ban je ba ai ban gwada ba." Ya tashi ya zura takalman roba ya tafi rumfar maruƙa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na ɗauki shirun a matsayin e, don in na tsaya jiran ya faɗa da baki, Mayu za ta zo ta wuce.

Za ta shigo jirgin safe ranar Alhamis, in Ubangiji ya yarda. Na sa mata cuku da burodin zabibi. Ka je ka tare ta a tasha, kada ka zauna a benci da littafi ta wuce ta gabanka. Akwai cocinmu a garinku, na bincika. Ban ce ka shiga ba, ka dai kai ta ƙofa ranar Lahadi. Madarar safe ni zan karɓa, da wannan bayan nawa. Kai kuma nan gaba in za ka rubuto, ka tuna ba ni kaɗai ke karantawa ba.

Rika

Groningen, ƙarshen Maris

Rika, da duk mai karantawa,

Mu biyu muna lafiya, in aka cire hanci ɗaya. Yaya bayanki? Dineke ta ce ki daina ɗaukar bokiti biyu a tare, ta san halinki.

Gwajin farko ya fito, kuma akwai. Madam Hoving ta faɗa mata ba kwana-kwana. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta tambayi abin yi, ta yi godiya, muka fito. Sai da muka kai wurin ajiye kekuna ta shuri tayar nawa, ba nata ba, ta ce, "Maraƙi ɗari shida, Kawu, wanne zan tuhuma?" Na ce ta fara da mai kallon rashin gaskiya. Ta ce duk haka suke kallo.

Tun daga ranar gidana ya koma gidan wanki. Man shafawa a hanci, sabulu mai warin asibiti daga kai har ƙafa, zanin gado da tawul da kayan jiki a ruwan zafi kullum. An shanya tawul a kan falsafar Girkawa, kuma ban ji sun yi gardama ba, abin da ba halinsu ba. Ni ma an gwada ni tunda gida ɗaya muke, na fito fes. Karo na farko ke nan da wata hukuma ta tabbatar da tsarkina a rubuce.

Har yanzu da asuba take tashi. Ba abin da za ta ciyar, don haka ni take ciyarwa. Sai ta zauna da littafin fiziks tana koya min abin da ban tambaya ba. Wai maganin da ake yi wa mutum allurar, rabin ƙarfinsa kan gushe cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa a sashen ba a ajiye shi, ba a makara. Ta ce, "Kamar madarar maruƙa ne, in ta huce ta tashi daga aiki." Na ce ta faɗa musu haka a makaranta, za su so ta. Ta ce, "Kawu, in na shiga makarantar nan ko hoton maraƙi aka nuna min zan ce ban san shi ba." Sai kuma ta tambaye ni ko kin ce wani abu game da maraƙin nan mai tari da ke kusa da ƙofa.

An gama magani, na farko cikin ukun ya fito fes. Saura biyu. Ga kuma inda za ki so ki zauna kafin ki karanta. Ba za ta zo gida ba sai an sa hannu a takardar, ko Lahadi, ko bikin Ista. Na roƙa mata kicin kaɗai, ba rumfa ba. Madam Hoving ta ce ƙurar rumfa na bin kaya ta shiga gida, ta zauna a kujera, ta sha kofi tare da mutane. Haka kuma don Allah a daina aiko da kaya daga gida. Rigar sanyin da kika turo sai da muka tafasa ta, yanzu kyanwar maƙwabciyata ce kaɗai za ta iya sa ta.

Melis

Lunteren, Laraba kafin Ista

Melis,

Lafiya dai. Na daɗe ban amsa ba don duk takardar da na fara sai in yaga. Rigar nan da hannuna na saƙa ta, tun kafin Kirsimeti nake kanta. Ka gaida kyanwar.

Lubbert bai yarda akwai dokar da ta hana yarinya cin abincin Ista a gidan ubanta ba. Ya ce kai ka ƙirƙiro ta, ka laƙa wa wata mata da ba wanda ya taɓa gani. Tun da aka haifi Dineke kujerarta ba ta taɓa zama wayam ranar Ista ba. Ya ce in kujerar ta zauna wayam ranar Lahadi, shi da kansa zai tuƙo mota bayan hutu ya ɗauko ta. Ka san ta. A takarda za ta iya yi masa gardama, amma in ya tsaya a ƙofarka da hularsa a hannu, shiga motar za ta yi. Daga nan kuwa duk tafashe-tafashenku sun tashi a banza, kuma ka san gwaji ɗaya babanta ya ba ta, ba na biyu.

Kada ka rubuto. Wasiƙunka ne suka kawo mu nan. Ka zo ranar Asabar da ƙafarka, ka dube shi ido da ido, ka yi masa magana irin ta mutane.

Rika

Groningen, Talata bayan Ista

Rika,

Na iso gida lafiya ranar Asabar, in dai jiki kike tambaya. Na gode da miya. Ki ɓoye wannan a aljihun rigar girki, ke kaɗai na rubuta wa.

Kin ga yadda muka sha kofi a kicin, muka yi zancen ruwan sama har ya ƙare. Kin ga ya miƙe ya ce, "Bari in duba maruƙa," ya tsaya riƙe da ƙofa bai sake ta ba. Ni da ke mun san ma'anar wannan. Babanmu a rumfa ya sayar da gonar gabas, a rumfa ya ba Lubbert ke. A kicin kofi ake sha. In na ƙi bin sa, na faɗa masa da ƙafafuna abin da yake zargin na faɗa da biro. Na tuna Madam Hoving sarai. Na ce wa kaina dokarta ta hancin Dineke ce, nawa mai takardar shaida ne. Na bi shi.

Ya ce, "Warin ya dame ka?" Na ce a'a, ya dai gane ni. Bai yi dariya ba, amma bai kore ni ba. Muka jingina da ƙarfen turke, wani maraƙi ya kama yatsuna yana tsotsa kamar mun daɗe da sabawa. Lubbert maruƙan yake kallo, ba ni ba.

"Mutanen da ka ce suna kwance a can," in ji shi, "in abin nan ya shige su, mutuwa suke?"

Na ce wasu.

"Kuma daga maruƙana yake fitowa."

Na ce daga na kowa, ba nasa kaɗai ba. Sannan ya ce, "Ni maganin da likitan dabbobi ya ce in ba su, shi na ba su." Rika, wannan ne ke cin mijinki tun farkon Maris, ba barkwancina ba. Ni dai na fi sauƙin jin haushi ne.

Can ya ce, "Tana so da gaske?" Na ce da asuba take tashi tana karatu. "Da asuba?" Na ce kullum. Ya ce, "To ba ka gama lalata ta ba." Ya ture kan maraƙin daga hannuna, ya ce, "Ta ƙarasa. Ba zan zo ba."

Na dawo Groningen ina jin kaina kamar janar ɗin da ya ci gari ba a zubar da jini ba. Dineke ta buɗe ƙofa, na fara, "Albishirinki," sai ta ɗaga hannu. Ta shinshina.

"Kawu, ka shiga rumfa."

Na ce leƙawa na yi.

"Leƙe ba ya barin yawun maraƙi a hannun riga. Kada ka matso."

A bakin matakala ta sa na tuɓe, tana miƙo min jakar leda da tsinin tsintsiya. Maƙwabciyata mai kyanwa ta hauro da cefanenta, ta dube ni, ta ce, "Barka da Ista, Malam Melis," ta wuce. Shekara goma sha ina gina mutuncina a benen nan.

Bayan na yi wanka da sabulun asibiti na ce mata mu bar zancen tsakaninmu. Gwaji biyu sun riga sun fito fes, saura ɗaya, wa zai sani? Ta ce, "Ni." Na kawo mata hujjoji masu kyau, har da na wani Bagirke. Ta ce, "Kawu, mutanen nan jijiyarsu a buɗe take." Yau da safe da kanta ta buga wa Madam Hoving. An gwada mu duka. In nawa ya fito da shi, dole ɗayanmu ya bar gidan, kuma sai ta ƙara gwaji biyu maimakon ɗaya. Ki duba kalanda. Garin neman gira na kusa tsone mata ido. Tun Asabar ba ta ce min komai ba sai "ga abinci", daga nesa.

Melis

Groningen, Juma'a

Rika,

Lafiyata lau, haka ma baƙuwar da ke hancina. Abin da na yi shekara talatin ina gudu, yini ɗaya ya ishe shi ya kama ni. Madam Hoving ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Da ta mare ni da ya fi min.

Na Dineke fes yake har yanzu, Allah ya taimake mu da tsinin tsintsiya. Ita ba ta da inda za ta, don haka ni ne mai tashi. Ina cikin duba masaukai ta ce daga bakin ƙofa, "Kawu, gida ɗaya ne a ƙasar nan da hancinka ba zai dami kowa ba. Kuma bayan Mama na ciwo."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zan shigo gobe da littafin da nake gyarawa. Ki nemo min takalman roba, ki faɗa wa Lubbert ya sami mai ba da madara, mai ilimi sosai, marar amfani.

Melis

Groningen, ƙarshen Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka. Yaya Mama da Baba? Yaya hannunka? Mama ta ce ka zuba wa kanka madara a takalmi. Na shayar da furanninka, ɗaya ya mutu, amma da ma can a mace yake.

Duka biyun sun fito fes. Na ƙarshen bai fito ba sai ranar Alhamis, sai Juma'a kaɗai ta rage, don Litinin bikin Sarauniya ne, ko'ina a rufe. Madam Hoving da kanta ta raka ni ƙofar sashen. Ta ce, "Shiga." Ban san ta iya kalmar ba.

Sun maƙala min wani ɗan abu a ƙirji mai auna yawan hasken da ya taɓa ni. Sirinjin a cikin kube na dalma yake, ya fi guduma nauyi. Wata ma'aikaciya, Sanne, ta ce kada in taɓa komai, in tsaya inda ta tsaya. Na ga zuciyar wani tsoho tana bugawa a allo, da gefen da jini ba ya kaiwa. Ya tambaye ni, "'Yata, me kika gani?" Na ce ni baƙuwa ce, likita zai faɗa masa. Sanne ta ce wannan ce amsar. Kawu, aikin nan nake so. Da na ɗauka so nake, yanzu na sani.

Sai aka nemi shugaban sashen aka rasa, wai yana taro. Na zauna a ƙofar ɗakin taron da takarda a cinya ina jin suna dariya a ciki. Da ya fito na tare shi, ya sa hannu a jikin bango. Na hau kekenka, don ya fi nawa gudu, na isa makaranta matar ofishin ta riga ta sa kwat tana neman makulli. Ta ce, "Sai Talata." Na ce Talata ɗaya ga wata ce, kafin ɗaya aka ce. Ta dube ni, ta ajiye jaka, ta buga hatimi. Ta ce wasiƙa sai Yuni, amma duk wanda ya cika sharuɗɗa yana da gurbi, ni kuwa na cika.

Ga abin da ban iya rubuta wa Mama ba. Madam Hoving ta ce dokar ba ta ƙare ba. Shekara huɗun da zan yi ina karatun nan, duk ranar da na je gida sai an gwada ni kafin in koma asibiti. A watannin koyon aiki kuwa ba zuwa gidan ma. Baba ya ɗauka zan riƙa zuwa ƙarshen mako ina karɓar madarar safe. Kai ka faɗa masa.

Kuma na huce. Ban gama ba, amma na fara.

Dineke

Lunteren, farkon Mayu

Dineke,

Kowa lafiya. Bayan mamanki ya yi sauƙi, ciwon ya dawo nawa, kin ga ba a yi asarar komai a gida ba. Mai tarin kusa da ƙofa ya warke. Ya tsane ni, kuma ba ya ɓoyewa.

Mamanki ta karanta shafin farko ta shiga ɗakin ajiyar abinci, ta daɗe tana neman gishirin da ke kan tebur. Babanki na karanta masa da kaina, duka, har da na ƙarshen. Ban ƙara ko wasa ɗaya ba, ki rubuta ranar. Ya ci gaba da dama madara. Ya ce, "Shekara huɗu." Na ce e. Ya ce, "Bayan nan fa, in ta fara aiki?" Na ce ina jin haka za a ci gaba. Ya ce, "Wannan bokitin bai cika ba, Melis, makaho ne kai?" Ya cika, na duba.

Wuni biyu bai sake ɗaga zancen ba, har na fara haɗa kayana, don ni ma Madam Hoving na jirana da man shafawarta. Jiya bayan abincin rana ya rufe Littafi, bai tashi ba. Ya turo min biro da bayan ambulan. Ya ce, "Tunda rubutu ne sana'arka, rubuta min talla a jaridar manoma. Ina neman mutum."

Na rubuta: Ana neman mai taimako a gonar maruƙa kusa da Lunteren, mai tashi da wuri, na ɗan lokaci. Na ɗauka na kyauta masa, na bar masa ƙofa a buɗe.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ce "mai tashi da wuri" ɓata tawada ne, wanda bai san wannan ba kada ya zo. Mamanki ta ce a bar shi, an ga abin da aka samu a watan nan. Aka bar shi. Sannan ya karɓi biron daga hannuna, ya ja layi ɗaya a kan "na ɗan lokaci", ya danna har ambulan ya huje.

Ya miƙo min, ya ce, "Ka kai musu yau."

Kawunki,
Melis